Yashin Da Ya Biyo Mu Gida

Yau kwana uku da dawowarmu Samaru,
har yanzu shara nake.
Na kakkaɓe katifa, na kife tukwane,
amma yashi bai daina fitowa ba:
cikin gwangwanin shayi, cikin aljihun Haliru,
har cikin kwalin maganin hawan jininsa.

Motar asibiti ce a da.
Shekara ashirin da shida ina aikin jinya a Shika,
na san kukanta tun kafin ta shigo ƙofa.
Ranar da aka yi gwanjonta
Haliru ya ɗaga hannu bai tambaye ni ba.
Kwana biyu ban ce masa uffan ba.
Ilu kafinta na Sabon Gari ya kafa gado
daidai inda ake kwantar da marasa lafiya.
Ƙugiyar ƙarin ruwa muka bar ta,
a nan nake rataye albasa.

'Ya'ya suka ce tsufa ne.
Maƙwabta suka ce kuɗin sallama ke mana ƙaiƙayi.
Muka fita da asuba, ƙarshen bazara,
Kufena na ƙanƙancewa a madubi
kamar akushin da aka kife aka manta.

A Yankari bika ya zura hannu ta taga,
ya ɗauke burodinmu, ya hau saman mota
yana ci yana kallonmu kamar mai karɓar haraji.
Haliru ya shiga ruwan Wikki da singileti,
ya fito yana cewa gwiwarsa ta warke.
Ban ƙaryata shi ba. Na dai ga yadda ya hau matakala.

Bayan Serti hanya ta fara naɗewa kamar gammo.
Sau huɗu injin ya tafasa,
sau huɗu muka ba shi ruwan alwalarmu.
Can sama gajimare ya shigo ba sallama,
ya jiƙa mini mayafi, ya fice ta ɗaya tagar.
Ni da na bar Zariya da mafici a hannu,
ga ni a Nguroje da safa biyu,
ina ɗumama yatsu da kofin shayi.

Sai muka juya arewa.
Tafiya, tafiya,
har itatuwa suka gaji da rakiya,
goruba kaɗai ta daure.
Kusa da Tulo-Tulo tayoyi suka nutse.
Samari shida suka tura, mota ta ce ba yau ba,
muka kwana inda ta zaɓa.

Daren nan babu kare, babu janareto.
Haliru ya miƙe a gadon, ya yi shiru,
irin shirun da na sani a cikin motar nan.
Ban san lokacin da na kama hannunsa ba,
yatsu biyu a kan jijiya, ina ƙirga.
Ya ce, Asabe, ai kin yi ritaya.
Buɗe ƙofar baya ki gani.

Sau nawa na buɗe ƙofar nan da gudu,
idona a ƙasa, a kan mai nishi?
Ban taɓa ɗaga kai ba.
Taurari sun sauko har bakin tudu,
kamar an zazzage buhun gishiri a kan baƙin zane.
Na zauna a dokin ƙofa, ƙafata cikin yashi mai sanyi,
na manta nawa na ƙirga.

Yanzu hadari ya haɗo ta wajen Basawa.
Jikata Nuratu na tambayar tsaraba,
na duba, dabinon ma mun cinye a hanya.
Na tattara abin da tsintsiya ta tara,
na ɗura mata a kwalbar magani.
Ta ɗaga shi a rana ta ce, wannan ai ƙasa ce, Kaka.

Haliru na gindin mangwaro da taswira,
yana lasar bakin fensir.
Tayar baya na buƙatar faci.
Ban ce masa e ba tukuna,
amma ban sauke albasar ba.