Saniyar Shika

A Shika ne, ruwan Agusta ya ɗan tsagaita,
ina ɗauraye bokitan tatsa a bakin famfo,
sai ga baƙo, dogo kamar gwangwala,
takalmin roba har gwiwa. Wibe sunansa.

Mu ma'aikata Turanci ya yi mana,
wayarsa kuwa ya yi mata Holanci.
Amma da ya isa wurin Dabbare,
baƙa-da-fara, marar tozo, hantsa kamar tulu,
sai ya dafa wuyanta, ya sauke murya,
ya yi mata wani yare
da bai yi wa kowa ba tun safe.

Na ce, wannan kuma na ina ne?
Ya ce, na gida.
Da shi ake kiran kakannin saniyar nan
kafin a san za su ga rana irin taku.

Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke,
ya zana mini ƙasarsu a kan laka:
ga teku, ga gonaki a ƙasa da teku,
ga ganuwa, ba don mahara ba, don ruwa.
Firisiya ke nan, in ji shi.
Uwa ɗaya, 'ya'ya mata uku.

Babbar tana Holan,
tana da aji a makaranta, tana magana a rediyo,
tana tsaye a allon bakin hanya
kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi ta ƙarfi.
Ta biyu tana Jamus, cikin tsohuwar fadama,
ƙauyukanta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba;
in ka tara masu jin ta duka
kasuwar Giwa za ta haɗiye su ba ta ƙoshi ba.
Ta uku can arewa, bakin gaɓa da tsibirai,
kowane tsibiri da yadda yake lanƙwasa harshe.
In ukun suka haɗu, ya ce yana dariya,
zumunta tana nan, hira ce sai da tafinta.

Na ce, to me kuke ce wa saniya?
Ya ce, ko.
Na ce, ko me?
Ya ce, ko, shi ke nan.
Muka yi dariya har Dabbare ta waiwayo.

Da dare dariyar ta bar ni.
Na tuna kakata a Garun Kurama,
yadda take kiran awaki da bakin iyayenta,
take yi mini faɗa da shi, take sa mini albarka,
ni kuwa da Hausa nake amsawa,
ina jin kunya in yara na kusa.
Ranar da aka kai ta makwanci
ban san rumbu nawa aka rufe tare da ita ba.
Na ƙirga abin da ya rage a bakina:
ruwa, wuta, zo ka ci,
sai wata kalma guda da na manta ma'anarta.

Da asuba na riga kowa shiga garke.
Zanen jiya ruwa ya shafe shi.
Na dafa wuyan Dabbare, na sauke murya,
na faɗa mata kalmar nan guda.
Ta daina tuƙa. Ta dube ni.

Na ce, kin ji, ko?