Sha Ɗaya Daga Cikin Nawa?

Ni ke riƙe da rajistar ɗakin ɗinki
a ƙaramin asibitinmu na Domayo, cikin Marwa.
Jan biro na raunin kai ne,
shuɗi na gwiwa da gwiwar hannu.

Bara ja ya ci layi goma sha tara,
bana sha ɗaya.
Shugaban makarantar da ke kallonmu ya tako da kansa,
ya dangwala yatsa a shafin:
"Tun da na ce ba hular kwano, ba keke a harabata,
ka ga kawuna takwas da na tserar."
Na ce Allah ya saka da alheri.

Da ya fita na raka shi da ido
har gindin darbejiyar da ake jingine kekuna.
Bara sai ka ɗaga biyu kafin ka zaro naka.
Bana akuya ce kwance a wurin, tana tuƙa.

Buba Sanda mai faci ya ce
ruwan da yake tsoma tayar ciki don neman huda
yanzu har la'asar garau yake, sai ka sha.
"Hula jaka biyar, Malam.
Yaron da ya gaji keken wansa ina ya gan su?"

To sha ɗaya daga cikin nawa?
Sha taran fa?
Da rani ba wanda Kaliyawo ke ci,
ba don an koyi iyo ba.

Asta Hamajoda ta jingine nata a gida,
ta koma bayan babur, su uku a kai.
Ran Laraba aka kawo ta daga bakin gada.
Da ja na rubuta ta,
sai dai a shafin masu babur,
wanda shugaba bai buɗe ba.

Kada a ce na raina hula.
Ga guda nan bisa kabad, ta dare biyu kamar ƙwarya.
Mai ita ya karkaɗe wandonsa ya tafi da ƙafarsa,
ko allura bai sha ba,
don haka ba shi da layi a littafina.
Haka wanda ya faɗi a hanyar Mindif
aka shafa masa man kaɗanya ya kwanta a gida.

Gobe za a zo karɓar jimla.
Gurbin da aka bar mini a takardar
bai fi faɗin farcen babban yatsa ba.
Zan rubuta sha ɗaya, in sa hannu.
Sauran sai na tsallaka titi,
in Buba ya farka daga gyangyaɗi a kan bencinsa.