Baƙo Mai Hannu Uku

Ɓawon gyaɗa na sayo a Kawo, buhu guda.
Mai sayarwa ya ce, "Malama, akuya gare ki?"
Na ce, "A'a, tanderu gare ni."
Ya yi dariya har ya mance da canjina,
ni ma ban tuna ba sai da na shiga mota.

A ɗakin gwajinmu na Tudun Wada
na wanke, na shanya, na daka, na tankaɗe.
Na kawo farin garin nan
da Inna ke barbaɗa wa kyankyasai a bayan randa,
ɗan kaɗan, bai kai gishirin miya ba,
na cuɗa, na toshe ƙofar iska, na kunna wuta.

Digiri ɗari tara.
Rifkatu na gadin agogo, ni ina gadin Rifkatu.
Sau biyu ana ɗauke lantarki tsakar aiki,
sau biyu muna zubar da abin da bai nuna ba,
ta ce, "Anti, ko mu koma sayar da gawayin kawai?"
A na uku tanderu ya kai asuba bai huta ba,
mu ma ba mu huta.

Ga abin da ido ba ya gani:
kabon saƙar zuma yake yi, ɗaki mai kusurwa shida,
kowace ƙwaya da hannu huɗu,
uku sun riƙe maƙwabta,
na huɗu ya saki, yana zirga-zirga.
Sai ga boron, baƙo, ya sami gurbi ya zauna.
Ya miƙa uku, an kama.
Aka jira na huɗu.
Babu. Haka Allah ya yi shi tun halitta.

Giɓi ke nan.
Amma giɓin ba ya zama wuri ɗaya:
na kusa ya matso ya cike, nasa wurin ya buɗe,
na baya ya matso, haka har bakin saƙa,
kamar layin mai a Ahmadu Bello Way
in mota ɗaya ta fita.

Babana Tanimu, shekara goma sha tara a masaƙar Kakuri.
Inji ya ci masa yatsu biyu ina cikin goyo.
Da ukun da suka rage yake ɗaura zare in ya tsinke,
masu biyar na kallo.
Na taɓa tambayarsa yaya yake yi,
ya ɗaga hannun, hasken fitila ya ratsa ta inda babu,
ya ce, "Ta nan zaren ke bi."
Masaƙa ta rufe, ciyawa ta cinye ƙofa,
shi ma ya tafi kafin in iya karanta
abin da ya faɗa, a littafin da ba shi ya rubuta ba.
Har yau hannun nake gani in na rufe ido na tuna ta,
masaƙar, da ƙararta.

An ce lu'ulu'u in ya sha boron shuɗi yake komawa.
Ban taɓa gani ba. Nawa baƙi ne wuluk,
yana maƙale a farce, yana ɓata mayafi.
Sai dai ya fi ɗan'uwansa jure zafi,
ya fi shi riƙon caji,
in kuma na cika hannu wajen zuba baƙon
saƙar ce ke yagewa, magani ya zama cuta.

Yau da la'asar muka matse garin ya zama kamar kwabo,
muka haɗa waya biyu.
Allurar ma'auni ta yi jim,
ta motsa,
ta wuce inda ta saba tsayawa.
Rifkatu ta yi guɗa, mai gadi ya leƙo da sandarsa.

Na ƙetare gada da magariba, kogi ya cika,
hannuna baƙi ƙirin a kan cinya.
Inna ta ce, "Asabe, wanke kafin ki taɓa tuwo."
Na ce to.
Na ɗaga shi saitin fitila tukuna,
na naɗe yatsu biyu,
sannan na ɗauki buta.