Neman Murfi a Gujungu

Lahadi ce, Gujungu ta cika ta batse.
Na wuce kara, inda ake tafawa kan bijimai,
na wuce masu riɗi da masu zoɓo,
na gangara can bayan rumfuna
inda Ilu Maitarkace ke shimfiɗa tsofaffin buhuna
ya jera abin da gidaje suka gaji da riƙewa.

Ga tangaran mai zanen tsuntsu, bakinsa a ɓantare.
Ga fanteka da ta sha biki har furenta ya koɗe.
Ga kofunan gilas biyar masu kauri,
na shidansu ya riga su tafiya.
Na ɗaga ɗaya, na leƙa rana ta cikinsa,
sai kasuwa ta koma launin ruwan tsamiya,
mutane suka lanƙwashe,
mai rake ya yi tsawo ya fi rakensa.

Na ƙyasta shi da farce.
Ya yi wata siririyar ƙara
da ta daɗe ba ta mutu ba.
Ilu ya ce, "Na zamanin sule da sisi ne.
Na yanzu, ko tsawa ka yi masa sai ya tsage."

Ni ba kofi ya kawo ni ba.
Murfi nake nema.

Na kwance ƙullina, na fito da langar Inna Tasalla,
shuɗiya, mai ɗigon ja uku a gindi.
Jan farce ta ɗiga da hannunta
don kada a musanya mata a gidan suna.
Langar ta shiga gidaje, ta dawo.
Murfin ne wata rana bai biyo ta ba.
Shekara goma sha tara tana rufe miya da faifai
tana cewa, "Yana nan gidan wata, zai zo."
Bai zo ba.
Ita ce ta tafi, bara da kaka,
gero na tsaye a gona ba a yanka ba.

Ilu bai ce komai ba, ya jawo kwando.
Murafai zalla, sun fi talatin,
kowanne ya rabu da uwarsa.
Muka durƙusa muna gwadawa
kamar masu nema wa yaro hula.
Wannan ya yi mata yawa.
Wancan ya faɗa ciki, ƙwal.
Wani ya kusa, amma gefensa ya lotse,
tururi zai sami hanya.
Wata tsohuwa mai sayar da daddawa
ta bar kayanta ta zo tana ba mu shawara,
"Juya shi, ɗan nan, ba a yi wa kwano dole."

Can ƙasan kwandon, wani kore
ya zauna daram,
kamar tare aka ƙera su.
Gabana ya faɗi. Na kife shi na duba.

Ba ɗigo uku ba ne.
Layi biyu ne, an karta da ƙusa,
hannun wata da ban sani ba,
wataƙila daga Ringim, wataƙila daga Garki,
wadda ita ma ta yi ta cigiya gida-gida
har ta haƙura ta ɗauko faifai.

"Nawa?"
"Ɗari bakwai."
"Uku."
"Albarka. Ai kai ma ka ga zamansa."
Muka tsaya a biyar,
ya yi mini gyaran cokali mai lanƙwasasshen wuya.

A mota na rungume su a cinya,
kowane rami sai su yi magana,
ƙwaram, ƙwaram,
baƙi biyu suna tambayar juna mutanen gida.

Da dare aka zuba miyar kuka, aka rufe.
Shuɗi a ƙasa, kore a sama.
Har bayan isha'i da ɗuminta.

Faifan yana nan a jikin ƙusa, ban cire ba.
Kuma duk kasuwar da na shiga,
in na ga murfi,
sai hannuna ya kife shi
kafin in tuna.