Masu Share wa Ruwa Hanya

A Harbo, in aka tayar da hirar langa,
sunana ake fara kamawa.
"Tukur ruwa," in ji su, "ƙafa ɗaya kamar zalɓe,
shi ya sha sau bakwai a dare ɗaya
a kan idon samarin Jahun."
Nakan gyara hula in yi shiru.
Ba ƙarya suka yi ba,
mudun ne dai bai cika ba.

Ruwa ba ya gudu sai an share masa hanya.

Akwai Cindo, mai yatsa shida a hannun hagu.
Da shi yake damƙe babban yatsan ƙafarsa,
wai Allah ya ƙara masa ɗaya don kada ya saki.
Bai kuwa taɓa saki ba.
Kaka tara ina tsalle a bayansa,
na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa,
da tabon ƙunar nan na kafaɗa
mai kama da ganyen kuka.
Yau yana facin keke a gindin darbejiya,
yara na kiransa Baba Mai Iska.
Wa zai gaya musu
ƙarti uku ya taɓa zubarwa da kafaɗar nan?

Sai Nomau, ɗan gajere.
"Ƙasa kusa take da ni," yakan ce, "me zan ji tsoro?"
Aikinsa faɗuwa.
Ana busa usur zai nufi ƙaton cikinsu,
ya sarƙe shi, su kife tare.
Kullum shi ke fara fita,
ya zauna gefe yana ɓarar gyaɗa,
'yan kallo na masa ihu, Faɗi-da-wuri!
Ba wanda ya taɓa duba
wa ya ja suka fita tare.
Ya rasu shekarar ambaliya,
ba ruwan ne ya ci shi ba, ciwon ciki ne na kwana uku.
A wurin zaman makoki
aka yabi albasarsa, aka yabi haƙurinsa.
Ba wanda ya ambaci langa.
Ni ma ban ambata ba.

Ilu na Tabawa ba shi da ƙarfin a zo a gani,
ido gare shi.
In ya ga ɓaraka ta dama sai ya yi tari sau biyu,
ta hagu, sau ɗaya.
Mutane suna cewa ina da sa'a,
wasu har laya suka nema a ɗamarata.
Layata tarin Ilu ce.
Ya bi motar shanu zuwa kudu,
wasiƙa ɗaya, sai shiru.

Ranar da aka ba mu rediyo a sakatariya
ni aka miƙa wa, ni aka ɗauka hoto.
Gidanmu na kai ta.
Cindo bai ce komai ba,
sai dai yakan zo bayan isha'i
ya tsuguna a bakin zaure ya ji labarai,
wani lokaci ma shi ke kawo batir.

Filin an yanka shi, an sa turaka,
inda muke sha yanzu shagon cajin waya ne.

Jiya jikana Mati ya kama ƙafarsa ta baya,
ya yi tsalle uku ya faɗa kan akuya.
"Kaka, koya mini. Ruwa nake so in zama."
Na dube shi.
Na tashi na zagaya bayan rumbu,
na sace iskar tayar kekensa.
Na ce tura shi gindin darbejiya,
in ka je kada ka yi sauri,
ka gaishe shi da kyau, ka tsuguna,
ka tambaye shi yadda ake tsayawa a gaban wani.