Kunne Ɗaya, Ƙofa Biyar

Rumfata tana bayan tasha, nan Tawa,
inda matattun rediyoyi ke jiran hisabi.
Nan Agali ya sauke jitar wansa
naɗe da zanen gado, kamar mai jinya.

Da kunne uku aka ƙera ta.
Ɗaya tsatsa ta ci da damina,
ɗaya an sayar a Konni ranar da kuɗin mota ya gaza.
Saura na wuya, shi kaɗai:
maganaɗisu da zaren jan ƙarfe
mai sirantar gashin jariri.

Makunnin kuwa yana nan, mai zango biyar,
ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas,
ƙofa biyar, ɗaki guda.
Ya ce, Baba Nomau, Asabar akwai biki a Bilbis,
ka ba kowace ƙofa muryarta.
Na ce, yaro, rijiyar ɗaya ce.
Ya ce, sai ka sauya mata guga.

Kuran ya tafi tun hantsi, ko sallama babu.
Na cusa ƙarfen liƙi cikin garwashin mai shayi,
na kwance kusoshi takwas, na zuba a murfin kwalba,
na buɗe cikinta.
Ƙura, ƙwan kyankyaso, da wata dala ta ɓata.

Farar waya ta tafi uwar ƙafa,
baƙa ta kwanta bayan mai ƙara murya.
Dalma ta narke, ta yi hawaye, ta daskare.
Na jona batir, ampili ya yi kukan zuma.
Na juya su, ashe, ni da shekara talatin a sana'a!
Na warware, na ƙona ɗan yatsa,
mai shayi ya yi dariya har ya zubar da kumfa.

Ƙofar farko ban sa mata kowa ba,
tsirkiya ta fito tsirara, kamar ranar Afrilu.

Ta biyu na ciro kondansa daga wata rediyon Sin,
kore, bai kai ƙwayar wake ba.
Ya aske wa muryar kaifi.

Ta uku na sa babban wansa,
sauti ya yi duhu, ya yi ciki,
kamar mai magana cikin rumbun da aka kwashe.

Ta huɗu na gitta shi kan hanya,
ya tare kauri, ya bar siririn ya wuce.
Agali ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, ya tsaya.
Ya ce, haka muryar wana take
in ya kira daga Abijan,
nesa, ta hanci, kuɗin waya na ƙarewa.
Ban ce komai ba. Na hura dalma.

Ta biyar, gwangwanin kayana ya ƙare.
Na ja guntuwar waya na haɗa ta da ƙasa.
Ya tura makunni ƙarshe, ya kaɗa, ya sake kaɗawa.
Babu.
Ya ce, wannan ba ta aiki.
Na ce, aikinta ke nan.
Ya ƙirga kuɗin ƙofa huɗu, jaka biyu,
ya naɗe zanensa, ya hau kabu-kabu.

Daren Asabar ina kan tabarma a tsakar gida,
iska ta ɗauko bikin ta bisa Babaye.
Na ji ta ɗaya, na ji ta uku,
ta huɗu ya daɗe a cikinta.
Can, kiɗa ya kai wuya, ƙasa na rawa,
sai ɗif.
Tafin mata kaɗai, tsirara cikin dare,
ɗaya, biyu, uku,
wata ta callara guɗa,
jita ta faɗo musu kamar ruwan farko.

Da safe na tarar da mai shayi yana murmushi.
Ya miƙo mini dala ɗari a ƙullin leda:
wani yaro mai rawani ya bari,
wai kuɗin ƙofar da ba ta aiki.