Gram Ɗari Bakwai

Saura kwana tara mu tafi Garwa,
ni kuwa na haura aji da gram ɗari bakwai.
Baba ya auna ni a sikelin da yake auna cinyar sa,
bayan kasuwa ta watse, ƙudaje sun gaji.
Ya ce, "Jaratu, da ke nama ce
da wannan gyara ne, na ba mai saye kyauta."

Kafin ladanin Domayo ya gyara murya
na riga na farka.
Ana sallamewa nake gangarawa Mayo Kaliyawo,
ba ruwa, sai yashi mai haɗiye diddige
da sawun jakunan jiya.
Metir Hamajoda na tsaye a gindin dalbejiya,
gwiwarsa ta hagu ɗaure da tsohon rawani,
yana ƙirga da harshen da a cikinmu ba wanda ya taɓa zuwa garinsa:
ici, ni, san.
Duk sanda ya ce ni
sai in ji da ni yake.

Inna ta yi miyar yakuwa da kitse a sama,
ta ajiye kwanon inda hancina zai yi tuntuɓe.
Na ci loma huɗu. Na wanke hannu.
Ta dube ni kamar na zagi kakarta.

Kimonon na Asta-Wabi ne, da ta tafi karatu Gandere.
Hannun ya yi mini tsawo, na naɗe, na ɗinke.
A wuyan akwai ɗigon jini da sabulu ya kasa,
ban san ko nata ba ne ko na wata.
Na goge shi da dutsen guga na gawayi,
ina hura toka kada ta sauka a fari.

Baba ɗan dambe ne a zamaninsa.
Har yau in ya ji kalangu, kafaɗarsa ta dama na amsawa.
Bai gane namu ba.
"Wane irin faɗa ne a kai naushi
a tsayar da shi a bakin ƙofa?
Mu in mun aika, ba ya dawowa da saƙo."

Daren jajibiri ya kira ni tsakar gida,
ya kashe rediyo, ya tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarki,
ya nuna haɓarsa. "Kawo."
Inna ta saki muciya.
Na gyara tsayuwa, na ji ƙasa ta kama tafin ƙafata,
na saki hannu da ihun da ya tashi kajin maƙwabta.

Gashin gemunsa uku ne suka motsa.

Bai ƙifta ba. Ya daɗe yana kallon dunƙulen hannuna
a inda ya tsaya,
tsakaninsa da ƙashi bai kai faɗin ƙwayar gero ba.
Can ya ce, a hankali, ba da ni yake ba,
"Da na iya wannan,
da Ɗan Bororo na Mokolo yana da idonsa biyu."

Bai ƙara ba. Ya shiga ɗaki.

Da asuba ya sake ɗora ni a sikeli,
allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta kwanta.
Saura gram hamsin.
Ya ce, "Kwance kitson nan, cire awarwaro,
kada ki sha ruwa sai kun wuce Figil."

Yanzu ina tasha, jaka a cinya,
kati mai hotona a aljihu, ɗamara ruwan ƙasa a ninke.
An ce akwai wata daga Yagwa, doguwa,
ƙafarta na isa kunne kafin a gan ta.
Cikina na kuka, ban san ko yunwa ce ba.
A ƙasan jakar na ji wani abu a takardar siminti:
kilishi, da rubutun Baba a karkace,
"Sai bayan awo."